Ana Kallon Damagaram, Mu Ba Ma Cikin Zauren

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a gidan ɗaya daga cikin 'yan uwa da ke unguwar Irving Park, Greensboro.



Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, da ku mutanen gida da za ku karanta wannan a mujalla, ina gaishe ku baki ɗaya. Masu masaukinmu kuma, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

An ba ni minti goma sha biyar in yi magana a kan bikin finafinai. Na san akwai wanda ya ji take ya ce a ransa: ga zancen takardu, ga kuɗin haya, ga aike gida, shi ne za a zo mana da zancen sinima? Ku yi mini haƙuri ku saurara, domin maganar ta shafi sunan garinmu, ta kuma shafi 'ya'yanmu.

Bikin da nake nufi shi ne RiverRun. An fara shi a 1998 a wani ƙaramin gari mai suna Brevard, can cikin duwatsun yammacin wannan jiha, daga baya ya koma Winston-Salem a 2003. Yawanci a watan Afrilu ake yin sa, kwana goma ko kusa da haka. Daga nan zuwa Winston-Salem tafiyar minti arba'in ce a babbar hanya mai lamba 40. A wasu shekarun ma har nan Greensboro aka kawo wasu finafinan bikin, a gidan sinimar RED da ke titin Battleground, wanda daga wannan gida bai kai minti goma a mota ba.

Yawancin finafinan da ake nunawa masu zaman kansu ne, wato babu wani babban kamfanin Hollywood da ya zuba musu kuɗi. Mai fim shi ke nemo kuɗinsa, ya yi aikinsa, sannan ya aika wa masu bikin tare da kuɗin shiga. Kwamiti ya zauna ya kalli abin da aka aiko, ya tsamo kaɗan daga ciki. Akwai dogayen finafinai, akwai gajeru da ake haɗa biyar ko shida a zama ɗaya, akwai kuma na labarin gaskiya, waɗanda babu ɗan wasa a cikinsu sai mutanen da abin ya faru da su.

Abu biyu ne suka bambanta wannan zama da zuwa sinima da muka saba. Na farko, idan fim ya ƙare aka kunna fitilu, sau da yawa daraktan da kansa yake fitowa gaban allo, a ba masu kallo dama su yi masa tambaya. Na ga dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce wa mai fim ba ta yarda da yadda ya nuna mutanen ƙauyensu ba, ya tsaya ya ba ta amsa a gaban kowa. Na biyu, masu kallo suna kaɗa ƙuri'a, kuma akwai kyauta ta musamman ga fim ɗin da ya fi samun ƙuri'arsu. Ashe mai kallo a nan yana da ta cewa. Masu shirya biki kuma suna lura da su wa suka cika kujeru, domin da su suke tunani idan za su zaɓi finafinan baɗi.

To, a duk zaman da na yi, ban taɓa jin an yi mini sallama da Hausa ko Zabarmanci ba. Alhali kowa ya san Greensboro na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi yawa. Muna cika masallaci, muna cika zauren suna da na biki, amma wurin da ake ba da labarin ƙasashe da mutanensu, kujerunmu babu kowa.

Kada ku ɗauka ba a ba da namu labarin a irin waɗannan wurare. A 2016 Rahmatou Keïta ta kai fim ɗinta Zin'naariyâ! bikin Toronto a Kanada. Labarin wata budurwa ce 'yar gidan sarauta da ta gama karatu a waje ta dawo masarautar Damagaram. Shi ne fim na farko da Nijar ta taɓa aikawa takarar Oscar, a 2018. A 2021 kuma Aïcha Macky, haifaffiyar garinmu, ta fitar da fim na labarin gaskiya mai suna Zinder, aka nuna shi a bikin Visions du Réel da ke garin Nyon a Suwizalan. A Kara-Kara ta ɗauke shi, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya juya wa baya. Ta nuna samarin fada da ake kira fale, masu ɗaga ƙarfe, da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga Najeriya, duk suna magana da Hausar da muka tashi da ita.

Ku duba wannan al'amari. Akwai Turawan da ba su taɓa jin cewa Damagaram ce hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926 ba, ba su san Birni ba, ba su san Zango ba, amma sun san Kara-Kara ciki da bai. Na san a cikinmu akwai mai cewa Aïcha ta tona asirin gari. Ni a ganina mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gara 'yar gida ta nuna shi da baƙo ya nuna. Amma ko da wanne ra'ayi mutum yake da shi, wurin faɗinsa shi ne cikin zaure, lokacin da aka kunna fitilu. Idan an nuna irin wannan fim babu ɗan gari ko ɗaya a wurin, wa zai tashi ya ce wannan gaskiya ne, amma ga sauran labarin? Masu kallo za su koma gida da rabin gari a kansu, kuma da wannan rabin za su dubi ɗanka ran da ya ce musu iyayensa daga Zinder suke.

Wannan harka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lokacin da aka fara ba da babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta, marigayi Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Sunansa ne a jikin babban gidan al'adu na Yamai har yau. Moustapha Alassane kuma yana cikin waɗanda suka fara yin fim na zane a Afirka.

Akwai wani tarihi na nan garin da ya kamata mu sani. Gidan wasan Carolina da ke titin Greene a tsakiyar gari an buɗe shi a 1927. Shekara da shekaru baƙar fata ba ya zama a ƙasa tare da farare, sai can bene na sama, ta wata ƙofa daban. Duk mun ji labarin ɗalibai huɗu na jami'ar A&T da suka zauna a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960. Bayan shekara uku, a 1963, ɗalibai suka sake fitowa, har da Jesse Jackson yana ɗalibi a lokacin, kuma gidajen sinima na cikin wuraren da suka yi wa tsinke. An kama ɗaruruwa kafin a buɗe ƙofofin ga kowa. Kujerar da wasu suka kwana a tsare saboda ita, mu mun zo mun same ta a buɗe, kuɗin tikiti kawai ake nema.

Dattawa, na san damuwarku, kuma tana kan hanya. A gida an daɗe ana yi wa gidan sinima kallon matattarar 'yan iska. A nan ma yawancin finafinai masu zaman kansu ba sa ɗauke da alamar shekarun da ake sa wa na manyan kamfanoni, kuma akwai waɗanda ba su dace da yaro ba, wasu ma ba su dace da babba ba. Maganin wannan shi ne zaɓi. Kafin biki ana fitar da jadawali da bayanin kowane fim, akwai kuma zaman da aka keɓe wa iyali. Yaranmu suna kallon abin da suka ga dama a waya cikin ɗaki su kaɗai. Zama ɗaya tare da uwa da uba, a kalla a fito a tattauna a mota, ya fi mana wancan.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Idan jadawali ya fito, mutum uku, har da mace ɗaya da matashi ɗaya, su karanta su zaɓo mana fim biyu ko uku, ƙungiya ta sayi tikiti ashirin mu tafi tare. Azumi ya riga ya bar watan Afrilu, wannan uzuri ya kau. Matasanmu su shiga aikin sa kai a bikin. A can Winston-Salem akwai makarantar koyon fim ta jami'ar jiha, kuma irin wannan aiki ne ke haɗa yaro da malamanta da ɗalibanta. Sakatare ya rubuta wa masu bikin da sunan ƙungiya, ya sanar da su muna nan, ya nuna musu finafinan Hausa irin su The Milkmaid na 2020 da Mai Martaba na 2024, waɗanda Najeriya ta aika takarar Oscar. Mu ma mu shirya namu daren kallo, mu nuna Zinder da Zin'naariyâ! a jere, bayan mun nemi izinin masu su mun biya haƙƙinsu. Kada mu yi da kwafin sata, guminsu ne.

Ku kuma na gida, idan akwai yaro ko yarinya a Damagaram da ke ɗaukar gajeren fim, ko da waya ce, ku sanar da reshenmu. Abin da ke tare irin waɗannan yara shi ne kuɗin shiga da fassarar Turanci da ake rubutawa a ƙasan allo. Duka biyun ba su fi ƙarfinmu ba, muna da masu Turanci, muna da asusu.

Shugaba, ina roƙon a sa wannan cikin abubuwan da za a yanke hukunci a kansu yau, kafin a kawo abinci. Wanda ke son shiga kwamitin mutum ukun ya ba sakatare sunansa.

Allah ya bar zumunci, ya shirya mana zuri'a, ya ba Damagaram da Nijar zaman lafiya.