Kafin Ka Zargi Allon, Duba Wuta



Sharhinmu na yau na matasan Fadikpe ne, da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, masu haɗa 'yan na'urori da allon Arduino.

Ka gama haɗi, fitila ta kama. Inji na fara juyawa sai komai ya ɗauke, ya sake tashi. Ka ce allo ya lalace. Dakata tukuna, ɗan'uwa. Duba wuta.

Arduino Uno da volt 5 yake aiki, kuma tsayayye yake so. Shi kuwa inji, lokacin tashi yakan zuƙi wuta da yawa. Ƙarfinta ya faɗi, allon ya koma farko. Caja mai araha da siririyar waya su ma haka suke jawowa.

To, ina mafita? Ka ba injin batirinsa daban, amma ka haɗa wayoyin nagatif wuri guda. Sa kapasita kusa da allon. Sannan ka auna da mita yayin da injin ke juyawa, domin a lokacin ne matsalar ke bayyana.

Kuɗin sabon allo ba kaɗan ba ne ga ɗalibi. Kafin ka saya, duba wuta.