Yadda Muka Karanta Gandoki A Gidanmu

Malaminmu ya ce mu gaya muku abin da muke yi da karatun da muka samu a ajin nan. To, ga shi.

A gidanmu mun sa wata al'ada. Kowane daren Juma'a, bayan sallar lisha, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a taru manya da yara. Mutum ɗaya ya karanta shafi biyu ko uku da ƙarfi, sa'an nan kowa ya faɗi ra'ayinsa. Wanda ya yi tuntuɓe a kan kalma ba a yi masa dariya, don mu ma bara warhaka ba mu san baƙi ba.

Littafin da muka gama kwanan nan shi ne Gandoki, na Malam Bello Kagara, wan Abubakar Imam. An buga shi a 1934, bayan gasar rubutun da aka yi a 1933. Labarin wani jarumi ne wanda ya kara da Turawa sa'ad da suka zo cin ƙasar nan. Yaƙin kuwa ba ƙage ba ne. Turawa sun ci Bida da Kwantagora a 1901, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, a cikin shekarar kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a yaƙin Burmi. Can gaba ne marubucin ya kai Gandoki ƙasar aljannu, wajen nan yara suka fi so.

Samarin gida kam kirari da sukuwar dawaki suka ɗauke musu hankali. Ana nan, wani dare kakarmu, wadda muke zato gyangyaɗi take yi, ta ce a dakata. Ta ce, "Ku da kuke ta murna, waɗanda ake kai wa harin fa, su ba 'ya'yan mutane ba ne?" Ashe kakarta Bagwariya ce. Tana yarinya mahara suka kama ta a gona, ba ta sake ganin uwarta ba. Shekara da shekaru muna gida ɗaya da Iya, ba wanda ya taɓa jin wannan.

Nan fa gardama ta tashi. Ƙanenmu ya ce duk wanda ya tunkari bindiga mai ruwa da takobi, ba mai rage masa jarumtaka. Ya yi gaskiya. Amma a ganinmu daga kan doki littafin ya ba da labari, na ƙasa ba a ji bakinsa ba. Har aka tashi ba a daidaita ba.

Kashegari muka sayo littafin rubutu da fensir. Iya tana faɗa, mu muna rubutawa da hannun nan namu mai karkarwa. Yanzu mun cika shafi 9. Sunan ƙauyen da aka kama yarinyar ne har yau ya ƙi zuwa mata, ta ce mu bar masa fili.