Alƙalami, Aji da Tukunya: Jawabi a Taron Shekara

Mai girma shugaban taro, iyayenmu, 'yan uwa mazauna birane.

An nemi in yi bayani kan ajin da nake koyar da masu sha'awar rubuta littattafan yara kowace Asabar. Abin da nake fara gaya wa ɗalibaina shi ne, yaro ba ya kara. Babba zai daure ya karanta shafi goma don kunya. Yaro kuwa, da zarar labari ya yi lami, sai ya miƙe ya nufi ƙwallo. Saboda haka duk wanda ya kawo mini rubutu, nakan ce ya fara karanta wa yaran gidansu bayan sallar isha'i, ya lura da inda suka soma hamma, ya soke wurin.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tsakanin duba rubutun ɗalibai, da girki, da jinyar surukata, nawa littafin ya shekara uku cikin akwati. A 1936, sai da aka ɗauke wa Abubakar Imam aikin koyarwa a Katsina, aka kai shi Zariya, sannan ya rubuta Magana Jari Ce. Mu mata, wa zai ɗauke mana namu?

Ga shi 'ya'yanku na Legas da Abuja sun san Tom and Jerry, amma ba su san Gizo da Ƙoƙi ba. Roƙona ga ƙungiya shi ne ta ware wa marubuta ɗaki ɗaya a ofishinta, ta kuma ɗauki nauyin buga littattafai biyu kafin taron baɗi.