Wuni guda bisa teku, kan hanyar ƙasar ƙanƙara

Yau za mu yi nisa. Malaminku ya buɗe taswirar duniya, ku duba can ƙasa, inda aka bar fari. Sunan wurin Antaktika. Ƙanƙara ta rufe shi, ba gona, ba gari.

Masu hali sukan shiga jirgin ruwa su tafi kallo, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da sanyin can yake sauƙi. Suna tashi daga garin Ushuwaya, a ƙarshen ƙasar Ajantina. Tafiyar wajen kilomita 1.000 ce, ta ɗan fi Yamai zuwa Damagaram. Kwana 2 ba a ganin ƙasa. To, me mutum yake yi wuni guda bisa ruwa?

Da safe, iska. Jirgi yana tangaɗi, kwano yana zamewa daga tebur, amai yana kwantar da wasu. Mai ƙarfin tsayuwa ya fita ya ga albataros, wani tsuntsu mai bin jirgi. Babbansu, in ya buɗe fukafukai, ya kai mita 3.

Da hantsi ake babban aikin ranar, kuma a ganina shi ya fi kallon. Kowa ya kawo rigar sanyinsa, da jaka, da takalma. A juya aljihu, a zuƙe ƙura da inji, a wanke takalma da magani. Don me? Ku manoma kun san ƙarangiya. Takan maƙale ma mutum a wando, ya kai ta gonar da ba ta da ita, baɗi ta tsiro. Haka ake tsoron ƙwayar iri guda ta sauka can, ta danne ƴan tsiron wurin. Wanda ya gama, sai ya sa hannu a takarda.

Da la'asar matuƙa suna auna ruwa. Ba allo bisa teku mai cewa ga iyaka, lamba ce ke faɗi. In awo ya sauko daga wajen digiri 6 zuwa wajen 2, an shiga ruwan sanyi ke nan. Daga nan ido ba ya barin gaba, saboda duwatsun ƙanƙara masu yawo. Abin da ake gani kashi 1 ne cikin 10, saura yana ɓoye cikin ruwa. A 2007 ƙanƙara ta huda wani jirgin kallo mai suna Explorer. Mutum 154 suka shiga ƙananan jirage, aka cece su duka, shi kuwa ya nutse.

A Disamba dare gajere ne, ƙarfe 10 da sauran haske. Mutane su kwanta, matuƙa suna tsaro.

Ga aikinku kafin zama na gaba. Cikin mutum 154 ɗin nan, 54 ma'aikatan jirgi ne. Saura nawa? Ku rubuta a allo, ku nuna ma malaminku.