JAWABI KAN SANDUNA DA ZARE: YADDA ZA MU RIƘA GANIN CINIKINMU DA IDO

 

An nemi mu yi magana kan littafin ciniki. To, mu dai ba 'yan boko ba ne, iyakarmu Islamiyya. Amma a can aka karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Saboda haka rubutu ba baƙonmu ba ne. Inda muke da rauni shi ne karanta abin da muka rubuta.

Kowa a nan ya san abin da ya faru a daminar 2023. Cuta ta faɗa wa citta a gonakin Kaciya, Kagarko, Jaba, Jama'a da nan Zangon Katab, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya yi sama. Da kaka ta zo, citta ta yi wuya, farashi ya tashi. Da yawanmu muka ga kuɗi sun ƙaru a hannu, muka ɗauka riba ce. Sai da muka koma saye, sannan muka tarar kuɗin ba za su sayi buhunan da muke saye a da ba. Jari ya rame, mu kuwa muna ta murna. Har a asusunmu na haɗin gwiwa sai da aka yi ka-ce-na-ce: masu duba naira suna cewa an ci gaba, masu ƙirga buhu suna cewa an ci baya. Kowa da gaskiyarsa, amma rabi-rabi.

Abin da ya raba gardamar, zane ne guda ɗaya da yaranmu suka yi mana a kwamfuta da Excel. Ga yadda ake yinsa, ba wuya.

Za a buɗe shafi a yi gida uku. Na farko watanni, na biyu yawan buhunan da aka saya, na uku farashin buhu ɗaya. Sai a zaɓe su duka, a je wurin da aka rubuta Insert, a nemi irin zanen da ake kira Combo. Yawan buhu a mai da shi sanduna a tsaitsaye, kowane wata da sandarsa. Farashi kuwa a mai da shi zare, layi ɗaya da ke bi ta kan sandunan, yana hawa yana sauka. Wanda ba shi da Excel, Google Sheets ma yana yin haka.

Amma fa ga inda ake tuntuɓe. A ce buhu 40 ne, farashi kuma naira 100,000. In aka auna su da ma'auni ɗaya, sandunan za su kwanta ƙasa kamar babu su. Dole a ba zaren nasa ma'aunin. Akwai ɗan akwati mai suna Secondary Axis, sai a danna shi a gefen farashi. Daga nan buhu yana hagu, naira tana dama. Ai ba a auna gero da tsinin allura.

Da muka duba namu, ba wanda ya sake ɗaga murya. Zare ya miƙe sama, sanduna sun gajarce. Har dattijon da bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba, ya nuna da yatsa ya ce, ashe nan ne muka zube.

Kada a ɗauka wannan sabuwar dabara ce. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, shi ya fito da zanen sanduna a littafinsa na 1786. A 1821 kuma ya yi irin namu sak da hannunsa: farashin alkama a sanduna, albashin mako na mai sana'a a layi, tun daga 1565, don a ga ko ma'aikaci na iya ciyar da gidansa. Kwamfuta sauƙi kawai ta kawo.

Sai mu ja kunne kan abu huɗu. Na ɗaya, ma'aunin sanduna ya fara daga sifiri, in ba haka ba ƙaramin bambanci zai zama kamar dutse. Na biyu, a rubuta a kowane gefe abin da yake aunawa. Na uku, inda zare ya ratsa sanda ba ya nufin komai, don ma'auninsu daban ne, tafiyarsu kawai za a duba. Na huɗu, kada a haɗa ɗanyar citta da busasshiya a gida ɗaya, kuma in buhuna sun bambanta, a rubuta da kilo. Zane ba ya gyara ƙaryar littafi, ƙawata ta yake yi.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, daga kakar bana, ma'aji ya riƙa kawo wannan zane a kowane taro, a manna a bango kowa ya gani, kafin a raba riba ko a ba wani rance. Masu sayar da masara, waken soya da shinkafa ma su gwada. Mu kuma dattawa, kada mu ji kunyar zama kusa da 'ya'yanmu su nuna mana. Su suna da kwamfuta, mu muna da littafi, in ba a haɗa ba kowa ya yi asara.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya kare gonakin maƙwabtanmu manoma, don in ba su girbe ba, mu ma ba mu da abin saye. Allah ya zaunar da mu lafiya. Wassalamu alaikum.