Ƙishirwar Tsiro da Ƙishirwar Mai Azumi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu saurare a Matameye da ƙauyukan kewaye, darasinmu na yau a kan ruwa ne.

Ku tambayi masu lambu a fadamun Korama. Tumatirin da aka shayar da asuba, kafin azahar ganyensa ya yi yaushi. Ina ruwan ya tafi? Saiwa ce take tsotso shi daga ƙasa, ya hau ta siraran hanyoyi a cikin kara, ya isa ganye. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani; ta nan tsiro yake shan iska, ta nan kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da ya sha yake fita. Idan ƙishirwa ta tsananta, sai ya rufe ƙofofin, ya jira sanyin yamma. Gawon da ke gonakinmu kuwa yana kore shar a tsakiyar rani, domin saiwarsa ta nutsa har inda ruwa yake.

To, jikin baligi kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne. Yana fita ta gumi da numfashi da fitsari. Amma mu ba a ba mu saiwar gawo ba, kuma ba mu da ikon rufe ƙofofin gumi, domin da gumin ne jiki yake kare kansa daga zafi. Rijiyarmu ita ce tsakanin buɗa-baki da sahur.

Saboda haka mu sha ruwa kaɗan-kaɗan cikin dare, mu jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar. Mai aikin ƙarfi ya yi shi da sassafe. Wanda fitsarinsa ya ragu ya yi ja, jiri yana ɗibarsa, hankalinsa ya fara gushewa, a kai shi inuwa, a shayar da shi, a garzaya da shi likita. Ramuwa tana nan bayan salla. Maras lafiya, da tsoho tukuf, da mai ciki ko mai shayarwa da ke jin tsoron cutuwa, shari'a ta yi musu rangwame. Kada kunyar mutane ta sa su ƙi karɓarsa. Jiki amana ne, za a tambaye mu.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.