Zauren da Muka Rushe da Hannunmu

 

An ce in yi magana kan yadda za a sake fasalin gidan gado na ƙauye har jama'ar gari su samu wurin haɗuwa a cikinsa. Da takardar gayyata ta iso ni sai na yi murmushi, domin abin da ake nema kakanninmu sun riga sun gina shi, mu muka sa masa diga. Sunansa zaure.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san aikin zaure. A nan maigida ke cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake raɗa suna, a nan ake zaman makoki. Baƙon da dare ya yi masa a hanya, a nan ake shimfiɗa masa tabarma ba tare da an tambaye shi ɗan gidan waye ba. Da hantsi masaƙi ko baduku ya baje kayansa, da almuru yara su shigo da allunansu. Ɗaki ɗaya ne, na maigida ne, amma ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Daga shi sai ƙofar gida, sai shigifa, inda baƙo namiji ke dakatawa. Tsarin nan ya ba wa gari haƙƙinsa, ya kuma tsare wa matan gida sirrinsu.

To, yau fa? Allah ya buɗa wa ɗa a Kano ko Abuja, ya dawo zai gyara gidan mahaifinsa. Na ga wannan a ƙauyenmu, a gidan wani ɗan'uwana. Aka ture zauren ƙasa, aka ja katangar bulo, aka kafa ƙofar ƙarfe, aka yi falo da kujerun kushin. Kyau kam ya yi kyau. Sai dai tsohon da aka yi don shi bai yi wata guda ba ya ja buzunsa ya koma gindin darbejiya, domin abokansa ba sa iya ƙwanƙwasa ƙarfe su jira a buɗe musu, kuma kwanon rufi a watan bazara ba ya barin mutum ya zauna.

Ba ina cewa a koma jiya ba ne. Ginin ƙasa yana da wahalarsa, yana son yaɓe kafin kowace damina, azara kuma ta yi tsada saboda giginya na ƙarewa. Ita azarar ba ta ɗaukar rufi idan faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita 2, shi ya sa magina suka ƙirƙiro baka da daurin guga don su samu ɗaki mai faɗi. Wanda ya ga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ya san iyakar da wannan fasaha ta kai. Kuma ba ta mutu ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da ake matsawa da inji, aka kammala a 2018. Tsohon ginin na Alhaji Falke Barmu ne, maginin masallacin Yama wanda ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Mariam da Yasaman ba su rushe shi ba, sabon aiki suka ba shi.

Haka nake so mu yi da zaure. A bar shi inda yake, fuskarsa na kallon hanya. A ɗaga tushensa da dutse da siminti saboda ruwa, a faɗaɗa tagogi, a yi dakali a waje. Idan dole sai kwano, a ɗaga shi sama da silin don iska ta ratsa. Faifan sola ɗaya a kansa ya isa ya kunna ƙwan fitila biyu ya yi cajin waya, kuma ina tabbatar muku samarin da suka ƙaurace wa hirar dattawa za su dawo da ƙafarsu.

Amma akwai inda zauren kakanninmu ya gaza, kuma gara mu faɗa. Na maza ne kaɗai. Matan unguwa suna da adashinsu, da karatun islamiyya, da sussuka da sana'ar ƙuli, duk a tsakar gidan wata suke cushewa, kusa da murhu da turken awaki. Mai sake fasali ya yanki gefe ɗaya na filin gidan ya yi rumfa mai katanga da ƙofarta ta daban a lungu, yadda maƙwabciya za ta shigo ba sai ta ratsa ta gaban maza ba. A sa randa ko famfo da makewayi a wurin. Kafin a ja layi ko ɗaya, a aika mace ta zauna da uwargida da amare da surukai ta ji ta bakinsu, don mai zane namiji ba ya wuce shigifa.

Saura magana mai ɗaci, wato gado. Gidan ƙauye ba na mutum ɗaya ba ne. Ran da maigida ya kwanta dama, 'yan uba za su zo da igiyar awo, kuma zaure shi ne yanki mafi tsada tunda yana bakin hanya. Sau nawa muka ga an raba shi an yi shaguna? Saboda haka tun tsoho na da rai a tara magada, maza da mata, a kira liman da mai unguwa, a rubuta cewa zaure da rumfar mata wakafi ne, ba a sayarwa, ba a rabawa. A rubuta har wanda zai riƙe makulli, da asusun da za a sayi batirin sola idan ya mutu, da watan da samari za su fito gayyar yaɓe kafin ruwan farko ya sauka.